Mai Gida Shi Ne Alƙali: Labarin Ishash Fallata

Rigimar ɗan haya da tsohon mai gidansa ba baƙuwa ba ce a wurin kowa. Ka kwashe kayanka, ka miƙa makulli, sai ga saƙo ya biyo ka: ka bar ƙofa a ɓalle, akwai bashin kuɗin wuta, fentin da ka tarar ba haka ka bar shi ba. Kai kuma ka ce ai akwai wata biyu da ka biya ba ka zauna ba, a dawo maka da kuɗinka. A Kano ko Zariya irin wannan takan mutu a zauren mai unguwa, in ta ƙi mutuwa a dangana da alƙali. Abin da ke kashe ta kuwa shi ne akwai mutum na uku, wanda gidan ba nasa ba ne, ba kuma a cikinsa yake kwana ba.

Labarin da zan ba ku na wasu mutane ne da aka tasa sau biyu a birnin Khartum, kuma babu na ukun da za su kai wa kuka. Mai gidansu shi ne mai kotu, shi ne mai 'yan sanda, shi ne kuma mai ba da takardar da ke nuna ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yawancinsu Hausawa ne da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen Sudan ke haɗawa cikin suna ɗaya su ce Fallata ko Takari.

Kasuwa biyu ce ke amsa sunan Suk al-Shabi. Akwai ta Omdurman, inda manyan motocin yamma da arewa ke lodi, akwai kuma ta Khartum, kudu da tsakiyar gari, kusa da unguwar masana'antu. Ta Khartum ɗin ita ce tashar da ake hawa motar Wad Madani da Sinnar da Gadarif da Kasala da Port Sudan kafin a gina babbar tashar Mina al-Barri. Dab da ita akwai wata unguwa mai tsari, ta gidajen bulo da siminti, ana ce mata Nuzha. Yaron da aka haifa a cikinta zai iya girma bai san cewa a nan wurin ne aka yi unguwar Hausawa mafi suna a babban birnin Sudan ba. Sunanta Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata.

Hanyar Makka ce ta kai su. Tun kafin zuwan Turawa mutum yakan bar Kano ko Katsina ko Kukawa a ƙafa ko a kan jaki, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, yana tafiya yana noma, yana ɗinki, yana rubutun sha, har ya isa Sawakin ya jira jirgin ruwan Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, wani kuma a hanya zai yi aure ya haihu. Sai babbar guguwa ta 1903. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai ɗimbin yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da ke amsa sunansa yake har yau. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, Turawan da suka kori waɗannan mutane daga gida su ne suka fi kowa murnar ganinsu, domin auduga tana son hannu, su kuwa ba su ƙin aiki.

Wasu suka zarce Khartum. Birnin a lokacin sabon gini ne, Kitchener, jagoran sojojin Turawan Ingila, ya sa an sake shata shi bayan ya ci mabiya Mahadin Sudan a yaƙin Karari na 1898, aka kasa filayensa daraja-daraja. Mai daraja ta ɗaya dole ya yi gini da dutse ko jan bulo, kuma hayar da gwamnati ke ba shi ta shekaru masu yawa ce. Mai daraja ta uku an yarda ya yi ginin ƙasa, hayarsa gajera. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai wani aji da ba a ma sa masa lamba ba, masaukin talakawa na wucin gadi. Can bayan layin dogo aka kai shi, a unguwannin da ake kira Diyum. A nan 'yantattun bayi da tsofaffin sojoji da ragowar mabiya Mahadi da mutanenmu na yamma suka zauna, kowane jinsi da nasa yanki. Sharaɗin zaman a fili yake: ƙasa ta gwamnati ce, an dai ba ka izini ka kafa ɗaki, ranar da aka buƙaci wurin za ka tashi.

Ranar ta zo bayan yaƙin duniya na biyu. Gari ya faɗaɗa, filin da a da yake bayan gari ya zama tsakiya. Tsakanin 1949 da 1953 aka rushe tsofaffin Diyum, dubban gidaje. Di'on Khartum na lokacin, wani Bature mai suna Arthur, har rubutu ya yi a 1954 yana bayanin yadda aikin ya gudana, masanin Sudan Sa'aduddin Fauzi shi ma ya yi nazarin yadda mutanen suka ƙare. Aka yanka wa mazauna fuloti na murabba'in mita 200 a sababbin Diyum, kudu kaɗan, tare da takardar haya. Filin da suka bari ya zama unguwar manya, irin su Khartum 2, inda daga baya ofisoshin jakadanci suka yi layi.

Su kuwa Fallata aka ware su. Aka nuna musu wani fili daban, gaba da sababbin unguwannin, aka ce su kafa bukkoki. Hujjar ba ɓoyayya ba ce: ai ku alhazai ne, wucewa za ku yi. Baƙo raɓa ne, in rana ta ɗaga zai kama gabansa.

A nan ne labarin yake da ban mamaki, domin su kansu mutanen ba su musa ba. Wani masani ɗan asalin Gana, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan yankin Jazira ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, ba su taɓa ganin Kano ba, ba su kuma taɓa ganin Ka'aba ba, amma in ka tambaye su sai su ce maka su alhazai ne, suna kan hanya, in Allah ya nufa za a ƙarasa. Larabawan garin ma da "ya Hajj" suke kiransu, ko da mutum bai taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Yamba ya lura cewa da yawansu ba sa son gina gida mai ƙarko, domin aza bulo a wurinsu tamkar shelar cewa an sauke niyya ne. Ba na cewa kowa a Ishash haka ya ɗauki rayuwa, birni ba ƙauye ba ne. Amma ka ga an sami mai gida da ɗan haya da suka yarda a kan abu ɗaya, cewa zaman na ɗan lokaci ne, kowa da dalilinsa. Shi ɗan haya yana faɗa ne don Allah da Annabi. Shi mai gida yana faɗa ne don kada ya rubuta takarda. Bayan shekara 40, wanda ya faɗa don Allah shi ya kwana a ciki.

Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, mai gida ya sauya fata amma littafin hayar bai sauya ba. A 1957 aka yi dokar zama ɗan ƙasa. Ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. A duba wannan rana da kyau. Jama'ar Attahiru ba su bar Sakkwato ba sai 1903, saboda haka doka ta rufe ƙofa sama da shekara biyar kafin su ma ɗaura kaya. Daga baya an sassauta ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1956, amma tabon ya riga ya zauna. Bafallace in ya je neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, tambayar da ake yi masa da shaidun da ake nema a wurinsa sun fi na ɗan Shandi ko Dongola yawa nesa ba kusa ba. (Wannan duk a ƙasar da muryar mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940, ta Aisha Fallatiya ce, 'yar wani malami daga cikin waɗannan mutane. An so muryarta ƙwarai, har sojoji aka kai ta ta yi wa waƙa a bakin daga.)

Ishash ta ci gaba da cika. Bukkokin kara suka koma ɗakunan laka, lunguna suka matse har jaki da kaya ba ya wucewa a wasu. Akwai masallatai da makarantun allo, akwai teloli da wanzamai da masu ɗinkin hula da 'yan ga-ruwa da malaman tsibbu waɗanda manyan gari kan lallaɓo wurinsu da dare. Mata suna soya gyaɗa, suna dama godogodo, maza suna gasa agashe, wato tsiren da a yau kowane ɗan Sudan yake ci yana santi. Duk wannan ciniki a ƙafa ake kai shi. Ga kasuwa nan, ga tasha nan, ga masana'antu nan. Fasinjan da ya sauka daga Gadarif da yunwa, a hannun 'yar Ishash zai sayi abin taɓawa. Kusancin nan shi ne jarin unguwar gaba ɗaya.

A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa dokar da ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba ya zama na gwamnati. A Ishash wannan bai sauya komai ba, ya dai ƙara tabbatar da abin da aka sani. Abin da ya sauya unguwar shi ne yunwa da yaƙi. Yaƙin kudu ya sake ɓarkewa a 1983, farin 1984 da 1985 ya kwaso mutanen Darfur da Kurdufan, ga 'yan Chadi masu gudun nasu tashin hankalin. Duk wanda ya sauka a tasha ba shi da kowa, Ishash ce mafi kusa kuma mafi araha. Sai tsofaffin mazauna, waɗanda su kansu zaman izini suke yi, suka zama masu ba da hayar ɗaki. Sunan unguwar ya ɓaci a bakin gari: an ce matattarar ɓarayi ce da masu dafa giya. Akwai gaskiya a ciki, kamar yadda take a kowace unguwar da mutum ya yi wa ƙasa yawa, amma sunan Fallata aka liƙa wa laifin kowa. Sannan ruwan sama na farkon watan Agusta 1988 ya sauka, sama da milimita 200 a dare ɗaya, a garin da abin da yake samu a shekara bai kai haka ba. Gidajen laka suka narke a faɗin birnin, mutane sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni.

Ranar 30 ga Yuni 1989 Umar al-Bashir ya yi juyin mulki, gwamnatinsa ta sa wa kanta suna Ingaz. Aka danƙa harkar gidaje da tsara birni ta jihar Khartum a hannun wani injiniya, Dokta Sharafuddin Bannaga, wanda ya riƙe ta tsawon shekarun 1990. Mutum ne mai aiki, ba ya kuma ja da baya. A 1990 majalisar ministoci ta fitar da ƙuduri mai lamba 941 a kan unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba: wasu za a tsara su a inda suke, wasu za a tashe su. Aka buɗe sababbin matsugunai a bakin hamada, kowanne ana ce masa Darus Salam, aka kuma kafa sansanonin 'yan gudun hijira irin su Jabarona da Wad al-Bashir da Mandela. Katafila ta shiga aiki.

Abu biyu ya faru a wannan ɗan tsakani wanda ya kamata a jera su kusa da juna. Na farko, an yi wa dokar mu'amala ta 1984 gyara, aka hana kotuna sauraron ƙarar da ta shafi filin gwamnati. Wato mai gida ya ba da notis, sannan ya zagaya ya kulle ƙofar alƙali ya sa makullin a aljihu. Na biyu, a 1991 wannan gwamnatin dai ta kafa dokar hayar gidaje mai tausayin ɗan haya. A ƙarƙashinta, in wa'adin yarjejeniya ya cika ba a nan take za a watsar da kayan mutum ba, hayar takan zarce da ƙarfin doka har shekara bakwai, kuma mai gida ba zai fitar da shi ba sai ta kotu, da dalilin da doka ta lissafa, kamar ƙin biyan kuɗi ko tsananin buƙatar mai gidan ya zauna da kansa. Wanda ya kama ɗaki bara a hannun wani attajirin unguwar Sajana yana da wannan kariya. Wanda kakansa ya kafa bukka a Ishash tun zamanin Turawa ba shi da ita, domin ba shi da yarjejeniyar da za ta cika balle ta zarce.

A farkon shekarun 1990 aka tashi Ishash Fallata. Aka kai mutanenta can kudu, bayan dajin da aka dasa wa birnin a matsayin ɗamara, yankin da a yau ake kira Janub al-Hizam, maƙwabtan Mayo da Azhari da Salama. Sabuwar unguwar aka sa mata sunan gwamnatin da ta tashe su, Ingaz. Tsohon filin aka share shi, aka yanka fuloti-fuloti, ya koma hannun masu hali. Karo na biyu ke nan da waɗannan mutane suka zauna a wuri tun yana jeji, suka tashi ranar da ya yi daraja.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. An ba da filaye a Ingaz, kuma ga iyalai da yawa wannan ne karon farko tun fitowar kakanninsu daga ƙasar Hausa da suka riƙe takardar fili da sunansu. Ishash kuma ba wurin da za a yi wa kuka da hawaye biyu ba ce: babu magudanar ruwa, gobara in ta tashi sai abin da Allah ya tsare. Bannaga ya rubuta littattafai yana kare aikinsa da cewa ya mai da marasa gida masu gida, akwai kuma masana tsara birane da suka yarda da shi a wannan gaɓa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuwa sun rubuta cewa an kwashe dubban ɗaruruwan mutane da ƙarfin tsiya an zube su inda babu ruwa babu inuwa. A wasu unguwannin har jini ya zuba, kamar Kurmuta a Disamba 1991, da Khudair ta Omdurman a Oktoba 1994, da Soba Aradi a Mayu 2005, inda aka kashe 'yan sanda da mazauna. Duka maganganun biyu gaskiya ne, ya danganta da layin da mutum ya faɗa ranar rabo.

Layin kuwa sharuɗɗa ne suka shata shi. Kafin a ba ka fuloti sai ka kasance mai iyali, mai abin yi, wanda ya daɗe a wurin, ba ka da wani fili a jihar, kuma sama da komai ɗan Sudan. Gwauron da ya kama ɗaki a gidan wani ya fita daga lissafi tun a sharaɗin farko. Dattijon da aka haifa a tsofaffin Diyum amma bai taɓa neman jinsiyya ba, saboda a ransa shi mai wucewa ne, sai ya wayi gari ana tambayarsa takardar da ofishin wannan mai gidan ne kaɗai ke bayarwa. A ganina nan ne zaluncin yake, ba a katafila ba. Ana iya tashin mutum a biya shi haƙƙinsa. Amma ka ce sai ya kawo shaida daga hannunka kafin ka saurare shi, ka kuma hana shi zuwa wurin wani, wannan ba shari'a ba ce.

Waɗanda suka sami filin ma sun yi asarar abin da ba a rubuta a takarda ba. Mai gyaɗar da take takawa zuwa tasha yanzu sai ta biya kuɗin hafila, wato bas, zuwa da dawowa, ribar yini ta tafi a mota. Suka dai daure, suka gina unguwar da hannunsu, suka raya kasuwannin kudu.

Da rigimar ta tsaya a kan fili da an ce ta ƙare. Ba ta tsaya ba, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ba a amsa ta ba. A 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga wata hira da aka ce a cikinta al-Bashir ya fitar da Hausawa daga sahun 'yan ƙasa. Fadar shugaban ta musanta, amma kafin nan Gadarif ta kama da wuta, an rasa rayuka. A Yuli 2022, a jihar Shuɗin Nilu, Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, maƙwabtansu suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba ya da ƙasa. Aka kashe mutum sama da 100 a 'yan kwanaki, a watan Oktoba kuma aka kashe wajen 200 a yankin Wad al-Mahi. Ranar 19 ga Yuli 2022 dubban Hausawa suka fito kan titunan Khartum, 'yan sanda suka tarbe su da barkonon tsohuwa. Jikokin mutanen da suka ce wucewa za su yi ne suka fito suna cewa nan ne gidanmu, shekara 119 bayan Burmi.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023. Sojojin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo suka kaure a tsakiyar birni, cikin azumi. A 'yan makonni Khartum ta zama garin da kowa ya san ɗacin fita da makulli a hannu. Mayaƙan RSF suka shiga gidajen mutane suka tare, a Khartum 2 da Amarat da Riyad da sauran unguwannin masu hali, har sai da fita daga gidajen farar hula ya shiga cikin alkawarin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayu, alkawarin da ba a cika ba. Aka wawashe kasuwanni, har da Suk al-Shabi ɗin guda biyu. Firji da gado da talabijin na mutane suka bayyana a kasuwannin kayan sata da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo. Ɗalibanmu 'yan Najeriya na Jami'ar Afirka da sauran makarantu suka bar ɗakunan haya da littattafai da katifu, suka hau motocin da suka fara tashi ranar 26 ga Afrilu, suka yi kwanaki a yashe a iyakar Masar kafin rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Ba na kawo abin da ya sami unguwannin masu hali don a ce alhaki ne. Wanda ya sayi fuloti a Nuzha da guminsa ba shi ya kora katafila ba.

Mutanen Janub al-Hizam da yawa ba su fita ba, don ba su da kuɗin mota ba su kuma da inda za su. Suka zauna a ƙarƙashin RSF, jiragen soja suna yi musu ruwan wuta ta sama. Ranar 10 ga Satumba 2023 aka jefa bam a kasuwar Goro da ke Mayo, mutum sama da 40 suka mutu, aka kwashi masu rauni zuwa asibitin Basha'ir. Da soja suka ƙwace fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025 suka kuma karɓe sauran birnin, sai aka koma kallon waɗanda suka zauna da idon zargi, har babban jami'in kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya yi magana a kan kisan da aka yi wa mutane ba tare da shari'a ba a wannan yanki.

Yanzu da mutane ke komawa, rigimar haya ta gaske ta cika gari. Mai gida yana cewa, Alhaji, kayanka suna ciki, makulli yana hannunka, shekara biyu ban ga sisi ba. Ɗan haya yana cewa, Malam, wane kaya? Gidan da 'yan bindiga suka kwana a ciki ni zan biya? In ma an yarda akwai bashi, da wane kuɗi za a auna shi, tunda kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce, a 2024 kuwa ta haura 2,000? Lauyoyi suna ta muhawara a kan babin larura da abin da ya fi ƙarfin mutum a dokar 1984. Almajirin da ya yi karatun zaure a Kano ko a Mai Wurno ba zai ga baƙon abu a nan ba. A fiƙihun Malikiyya kuɗin haya ladan amfani ne, in amfani ya gagara lada ya faɗi, kuma Mukhtasar na Shehu Halil ya ambaci ƙwace gida da ƙarfi, da umarnin sarki na rufe shaguna, a cikin abubuwan da ke warware haya. Masu gida kuma mutane ne, da yawansu tsofaffi da zawarawa waɗanda hayar nan ce abincinsu, sun dawo sun tarar an zare har wayar wuta daga bango. Irin wannan shari'a mai zafi ce, amma tana da magani: akwai kotu, akwai limami, akwai dattawan unguwa, akwai inda za a raba asara kowa ya ɗauki rabi.

Ta mutanen Ishash ce ba ta da wannan magani. A 2025 gwamnatin jihar Khartum, ƙarƙashin gwamna Ahmad Usman Hamza, ta sake shelar rushe gine-ginen da ba bisa tsari ba da kuma kwashe baƙi marasa takarda daga birnin. Bahaushen Ingaz da ke riƙe da takardar fili da lambar ɗan ƙasa zai iya tsayawa a ƙofar gidansa ya yi magana. Ɗan'uwansa da rabon farkon shekarun 1990 ya tsallake, wanda har yau yake zaune a gefen Mayo ba takarda, a kansa wannan shela take, kuma ofishin da zai kai ƙara shi ne ofishin da ya aiko da katafilar.